Idon Kakana a Bayan Keke

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye a bakin titi a Bompai ina jiran adaidaita sahu, sai na ji ƙararrawar keke. Sau biyu aka kaɗa ta a cikin rugugin manyan motoci, ko mai keken ban hango ba. Amma sai na tarar yatsana ya ɗaga da kansa, yana neman bayan da zai taɓa. Tun daga ranar nake son rubuta wannan, kuma ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri a duk inda na ce ban tabbata ba. Aikin safiyo, wato awon ƙasa, na karanta a jami'a, inda aka hore mu kada mu rubuta abin da ba mu auna ba, ni kuwa lokacin da waɗannan abubuwa suka faru ban auna komai ba.

Ƙauyenmu yana kudu da kogin Challawa. Kakana na wajen uba ma'aikaci ne a wani kamfanin jima a rukunin masana'antun Challawa tun mahaifina yana yaro. Aikinsa tantance fata: ya shimfiɗa, ya shafa da tafin hannu, ya ware lafiyayya daga mai tabo. Makarantar firamaren da aka sa ni tana kusa da kamfanin, don haka kowace safiya shi yake goya ni a bayan kekensa, a kan wani tsohon buhu da kakata ta ninke gida huɗu. Mahaifiyata ta ce ina aji huɗu a lokacin. Ni na fi zaton aji biyar.

Ba mu kaɗai muke tafiya ba. Ma'aikatan ƙauyukanmu kan haɗu a gindin wata ɗorawa bayan sallar asuba, su jeru ɗaya bayan ɗaya, kwanon abinci ɗaure a kan kowane keke. Hanyar jar ƙasa ce, tana hawa tana sauka a hankali kamar numfashin mai barci. A ƙarshen damina dawa kan yi tsayi har ta rufe mu ta ɓangarorin biyu, raɓa tana jiƙa mini safa. Idan muka kai saman tudu na ƙarshe, sai kwarin ya buɗe gaba ɗaya: shinkafa kore shar a fadama, giginyu a tsaye cikin hazon ruwa kamar ba su taɓa ƙasa ba, kogi yana ƙyalli a tsakiya, can nesa kuma hayaƙin masana'antu yana tashi siriri. Daga nan kowa yakan daina taka feda. Ba ka jin komai sai kukan sarƙa da iska a kunne. Na daɗe ina ganin a wannan gangaren ba tafiya muke yi ba, ɗauke mu ake yi.

Wata safiya kakana ya tsaya a tudun farko, ya bar jerin ya wuce. Ya kira ni da sunan wasan da kakanni kan kira jikoki mata.

"Amarya, zan ba ki aiki, amma ban da kai rahoto wurin uwargida."

Na ce, "Wane aiki, Malam?"

"Ƙasa ta daina zuwa idona. Ina ganin sama, ina ganin inuwar mutum. Rami kuwa sai na faɗa nake saninsa."

Ya bayyana mini cewa a wurin aiki babu wanda ya gane, domin fata da yatsu ake karanta ta. Hanya ce kaɗai take neman ido. Idan mahaifina ya ji, zai rataye keken, kuma kamfanin ya yi nisan da tsoho ba zai taka da ƙafa ba. Rataye keken nan, in ji shi, daidai yake da zaunar da shi a zaure har ƙarshen kwanansa.

Haka na zama idonsa. Nakan leƙa ta gefen haƙarƙarinsa ina duban hanya. In taɓa kafaɗar dama, ya karkata dama. In taɓa ta hagu, ya yi hagu. In danna tsakiyar bayansa sau biyu, ya kama birki. Ba ma furta komai, don kada na gaba da na baya su ji. Har yau ina iya tuna ɗumin bayansa ta cikin riga, da warin jima da sabulu bai taɓa fitar da shi duka ba.

Wanda yake gabanmu kullum a jerin wani abokin aikinsa ne, dattijo mutumin Damagaram, mai yawan barkwanci. Yana da wata ɗabi'a da take ba ni dariya: yakan kaɗa ƙararrawa a inda babu kowa. Wata rana na tambaye shi.

"Baba, wa kuke kaɗa wa ƙararrawa? Ko akuya babu a hanya."

Ya ce, "Aljanun kwari nake gaisarwa, 'yar nan. Ku Kanawa ba ku iya gaisuwa ba."

Ranar da abin ya faru dattijon ba ya nan, ya tafi gida ta'aziyya. An kwana ana ruwa, gari ya waye a wanke. Da muka fara gangarawa kwarin, sai wani garken balbela ya tashi daga cikin shinkafa, farare fat, suka bi gefenmu daidai tsayin kaina, kamar tare za mu je makaranta. Na juya ina kallonsu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ina so in ce ƙiftawar ido ce, amma ba zan rantse ba. Abin da na tabbata shi ne, ruwan daren ya tara yashi a gindin gangaren, kuma ban danna bayan kakana ba.

Tayar gaba ta nutse, keken ya juya. Ni na faɗa kan ciyawa, gwiwata kawai ta ƙuje. Shi kuwa ya dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye.

Da yamma, bayan mai ɗori ya tafi, mahaifina ya kira ni zaure. Kakana yana jingine da bango, hannunsa ɗaure da karare. Ya riga ya ce santsi ne ya kwashe shi. Mahaifina ya durƙusa daidai tsayina.

"Ke ba ki saba yi mini ƙarya ba. Yashin nan kowa ya kauce masa. Baba yana gani kuwa?"

Na dubi kakana. Fuskarsa tana wajena, amma na san ba ya ganin idona, balle ya karanta roƙon da ke ciki. Na nemi amsar da ba ƙarya ba ce kuma ba tona asiri ba ce, na rasa.

Na ce, "Suna ganin sama, Abba. Ƙasa ce ba sa gani. Ni ce nake gani musu, yau kuma na kalli tsuntsaye."

Babu wanda ya yi mini faɗa. Washegari mahaifina ya ɗaure keken da igiya a jikin azarar zaure, tayoyinsa suna lilo. Daga baya aka kai kakana asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Kwanaki da yawa kakana bai kira ni amarya ba. Bai kira ni da komai ba. Nakan wuce ta ƙarƙashin keken da sauri, kaina a sunkuye.

Da mutumin Damagaram ya dawo, ya zo dubiya, ya ɗaga kai ya ga keken, ya yi salati.

"To, ni yanzu wa zan kaɗa wa ƙararrawa? Shekara guda ina sanar da kai kowane rami, kana zaton taɓin hankali ya same ni?"

Kakana ya ce, "Au, ka sani?"

"Duk jerin nan wa bai sani ba? Ranar da ka yi wa kututturen dabino sallama ai duk muna kallonka."

Kakana ya yi dariya har ya riƙe hannunsa mai ciwo. Da dariyar ta lafa, sai ya juya wajen da yake jin motsina.

"Amarya, ƙafarki tana kai feda?"

Mahaifina ya yi gardama, maƙwabta ma sun yi magana a kan yarinya mace a sirdin keken maza. Amma kafin ɗorin ya warke an kwance igiyar, an sauke sirdin har ƙasa, na koyi tuƙi a fegin bayan gari. Kamfanin bai ba wani gurbinsa ba, domin yatsunsa suna nan. Muka koma jerin, ni a gaba, shi a kan buhun kakata. A wurin hawa, ma'aikatan kan matso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa bayan kekenmu da hannu guda yana turawa yana taka nasa. A gangare kuwa, tun kafin in hango yashi, sai in ji yatsa ya danna tsakiyar bayana sau biyu. Hanyar duk tana jikinsa. Damina biyu muka yi a haka, har ya ajiye aikin da kansa.

Bara na koma da na'urar aunawa ta wurin aikinmu. An zuba kwalta a rabin hanyar, gidajen bulo sun cinye gonakin dawa, ma'aikata a babura suke wucewa, kowa shi kaɗai. Ɗorawar tana nan. Tudun da nake ɗauka dutse ne, na auna shi, ban ga abin da ya kai a kira shi tudu a taswira ba. Kakana ya rasu ina shekarar farko a jami'a, ban taɓa tambayarsa ko ya yafe mini amsar da na bayar a zaure ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Na ari keke wurin wani mai faci na gangara kwarin. An gina magudanar ruwa a gindin gangaren, babu yashi ko kaɗan, na gani da idona tun daga sama. Duk da haka, da na iso daidai wurin, sai na kama birki.