Dabinon Hambali na Bakin Kanal

Hambali bai iya zama ba. Duk Bunkure an san shi da haka: in ba ya gonar tumatir, yana kan keke, in ba ya kan keke, yana bakin kanal yana zagaya bishiyar dabinonsa kamar mai jiran haihuwa.

Sanadin bishiyar nan kuwa mahaifiyarsa ce, Inna Kulu. Ita ta san kan dabino. Ta ce busasshen ɗan Agadas na masu girbin alkama ne, guda biyar da ruwa sun riƙe ciki har azahar, amma sai mai haƙori. Mai laushin nan na Makka shi ke mayar wa marar lafiya ƙarfi. Ta ɗanɗana shi a shekarar 1981, da wata maƙwabciya ta dawo aikin hajji, lokacin zazzaɓi ya kwantar da ita, abinci ya ƙi shiga. Guda uku ta ci ta tashi zaune. Hambali ya tsince ƙwallo ɗaya ya binne, ya yi rantsuwa sai Inna ta ci irinsa daga gonarsa.

Shekara bakwai fa! Taki, ban ruwa, shingen ƙaya saboda awaki. Mutane suka yi ta tsokanarsa, wai ya auri dabino. Inna kuwa haƙora suka ƙare, jiki yana ta raguwa, abin yana cin Hambali a rai.

Ranar da bishiyar ta fitar da fure, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya je kasuwar Kura ya ɗauko Iliyasu, wani Buzu mai sayar da dabino, a bayan keke. Iliyasu ya hau ya girgiza furen, farin gari ya zubo masa a hannu.

"Malam Hambali, namiji ne. Wannan ba ya 'ya'ya har abada. Sai ka samo reshen mace daga gindin uwa ka dasa kusa da shi. Shekara biyar, in Allah ya so."

Hambali ya yi ta yawo a kan kanal har la'asar, ya rasa da bakin da zai faɗa. Da ya shiga gida, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya faɗa mata duka, yana hawaye.



"Shekara biyar," in ji ta. "To je ka dasa mana. Ba sai ni na ci ba."