Yadda Turmi Ya Buɗe Bakin Kaka

Kafin ciwon ya same ta, Kaka, mahaifiyar Babanmu, ba ta rufe baki sai in za ta sha fura. A Aujara har awakinta sun san tarihin danginmu kaf. Sai ga shi an kawo ta gidanmu a Dutse da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama a sake, duk maganar duniya ta gudu ta bar mata kalma ɗaya: "To."

"Kaka, za ki ci tuwo?" To. "Kaka, in ɗauki turarenki?" To, amma da wata harara da za ta iya dafa ƙwai.

Ma'aikaciyar asibitin da ke koya mata magana ta ce hankalinta lafiya lau, tana jin komai. Hanyar da kalmomi ke bi su fito ce ta lalace, kuma ƙwaƙwalwa kan nemi wata hanyar a hankali in ana yawan jan ta da hira. Mutanen gidanmu suka ɗauka cewa aka yi a riƙa yi mata ihu. Gwaggo in ta zo gaishe ta, har maƙwabta ne ke amsawa.

Abin da Kaka ke so kowa ya sani. Kullum sai ta tura kayanta cikin jaka da hannun hagu, ta zauna tana kallon ƙofa. Baba kuwa ya kafe.

"Inna, ba za ki koma Aujara ba sai kin iya faɗin abin da kike so da bakinki. In wani abu ya same ki, wa zai gane?"

Ta ce, "To," ta juya masa baya.

Wata safiya Umma ta sa ni dakan yaji. Ni da taɓarya ba ma shiri, ina bugu ɗaya in huta, in duba waya, in sake bugawa. Kaka na kan tabarma tana kallona kamar ta ga ana wulaƙanta wani ɗan uwanta. Sai ta fara buga cinyarta da tafin hagu, tim, tim, tana nuna mini yadda ake yi. Na bi bugun don in tsokane ta. Kawai na ji murya tana bin sautin, cikin waƙa:

"Ra-gu-wa, ra-gu-wa, ɗaga han-nu."

Na saki taɓarya, saura kaɗan in dake ƙafata. Umma ta fito daga kicin da ludayi tana salati. Wato duk jikokin da Allah ya ba ta, duk addu'o'in da aka yi, maganar farko da Kaka ta zaɓa ita ce zagina.

Da muka gaya wa ma'aikaciyar asibiti ba ta yi mamaki ba. Ta ce waƙa kan tsira a inda magana ta faɗi, mu riƙa rera mata gajerun maganganu muna buga sauti, daga baya a rage waƙar kaɗan-kaɗan. Gidanmu ya koma gidan makaɗa. Umma na rera "ga ruwan wanka", ƙanena na rera "ina kwana", ni kuma na dake duk abin da ke dakuwa a unguwar. Wata rana kalma ta fito, wata rana ta maƙale, Kaka ta yi ta hawaye, in zauna kusa da ita.

Baba ne kaɗai ya ƙi. Mutum ne da ko dariya sai ya duba ba kowa.

Bayan wasu watanni, ranar wata Asabar, Kaka ta jawo jakarta har gabansa. Ya ajiye rediyo.

"To, Inna, faɗa mini."

Leɓenta ya motsa. Babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa, gumi ya tsatso mata a goshi. Na miƙe zan ɗauko turmi, Baba ya ɗaga mini hannu. Sai ya gyara zama, ya kalli ƙofar gida ko akwai mai shigowa, ya fara buga gwiwarsa.

"In-na, me ki-ke so?"

Jama'a, na ji amalanke na kuka a kan hanya, amma ban taɓa jin murya irin ta Baba ba. Kajin Umma suka bar tsakar gida.

Kaka ta zuba masa ido. Ta ja numfashi, kuma ba da waƙa ba, da muryarta ta da, a hankali, ta ce:

"Gida. Kai ni... gida."

Baba ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge tabarau. Ita kuwa ta ɗaga yatsa, alamar ba ta gama ba.

"Kuma... daina... waƙa."

Washegari muka kai ta Aujara, Gwaggo ta koma can da zama tare da ita. Ni aka ɗora wa riƙon jaka a kan cinya tun daga Dutse, don Kaka ta ƙi yarda a sa ta a bayan mota.