Baƙuwar da Gwaggo Salanieta ta yi wa sutura

Shekara ashirin da bakwai Gwaggo Salanieta ta yi tana riƙe da ɗakin littattafan makarantar ƙauyenmu. Karatunta bai wuce aji takwas ba, amma ta san kowane littafi da kamanninsa, ta san wanda kyankyaso ya ci wa bango, ta san yaron da ke juya shafi da hannun man kwakwa. Guguwar bara ta kwashe rufin ɗakin kafin a ce kwabo. Da ruwa ya ɗauke, littattafai ɗari tara sun zama kunu. Kwana uku tana shanya su shafi-shafi a kan tabarma kafin ta haƙura. Har yau idan iska ta taɓa kwano, hira takan tsinke a ƙauyen, kowa ya ɗaga kai.

An sake rufi, amma kantoci fayau. Hedimasta Josateki ya fara auna ɗakin da ido, don buhunan simintin makaranta ba su da wurin zama. Ana haka sai tsofaffin ɗalibai da ke aiki can ƙasar waje, a Brisbane, suka aiko cewa kwamfuta na tafe, da littattafai dubu bakwai a cikinta.

"Inna, mu yi ta a fili," in ji hedimasta. "Idan ta yi aiki a ɗakinki, shi ke nan. Idan ta ƙi, ofishina za ta, ɗakin kuma ya zama sito."

Ranar Alhamis jirgin ruwa ya iso. Maza huɗu suka sauka gaɓa da baro. Wadda ta rako kayan ita ce Vilimaina, 'yar ƙanen Gwaggo, da ta gama jami'a a Suva, babban birninmu, ba ta samu aiki ba tukuna. Ta miƙa wa mazan kwalin allon kallo, sannan ta zaro wani ɗan kwali daga jakarta, bai fi na sabulu ba.

"To ina kwamfutar?" in ji Gwaggo.

"Ga ta nan, Gwaggo."

"Ke, kada ki raina mini hankali. Ai biskit ya fi wannan auki!"

Kawu Apenisa mai kwale-kwale ya riƙe ciki don dariya. "Mu huɗu da baro! Salanieta, buɗe baki ki haɗiye ta, ki zama farfesa a huta."

"Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa a miƙe, rufe mini baki."

A ɗakin, Vilimaina ta buɗe ɗan kwalin, ta aje wani ɗan koren falle a kan tebur, duk cikinsa a waje, babu murfi. Ta cusa masa wani kati kamar farce, ta jona wayar allo, ta jona madannai da linzamin da ke jan kibiyar allo, sannan ta jawo wuta daga batirin sola. Jar fitila ta kama. Koriya ta soma ƙyafta ido. Allon ya ɗan jima baƙi, sai ga launuka, sai ga bangwayen littattafai a jere, sahu-sahu, ba iyaka.

Gwaggo ta kurma ihu har kajin makwabta suka watse. "Wancan! Mai hoton kifaye! Ai irinsa nake da shi kafin guguwa! Buɗe, buɗe mini!" Ta yi rawa, ta rungume Vilimaina, ta koma ta leƙa bayan allon ko littattafan na can a tare.

Sai dai a wurinmu ba a morar kyauta sai dattawa sun karɓe ta da shan yangona, jiƙon saiwa na gargajiyarmu, aka sa washegari da hantsi. Abu ɗaya ya tsaya wa Gwaggo a rai: yaya za a gabatar da baƙuwa mai daraja tsirara a gaban Ratu Sakiusa, mai gari? Da sassafe ta buɗe akwatinta ta ɗauko masi, zanen ɓawon itace da ta daka ta zana da hannunta. Ta kunna kwamfutar yadda ta ga an yi, ta naɗe ta ninki huɗu, ta ɗaure da igiyar kwakwa, wayoyi kaɗai ta bari a waje. Ta yi kyau kamar amarya.

Vilimaina ta shigo an riga an zazzauna a ƙasa, ana tace yangona a akushi. Ta ga ƙunshin, ta buɗe baki, ta rufe. Yarinya ba ta magana idan an fara. Gwaggo ta ga gumi na tsatso mata, ta ɗauka kunya ce.

Jawabi ya bi jawabi. Aka gode wa na Brisbane, da iyayensu, da kakanninsu. Rana ta hau kwano, ɗakin ya zama tanda. Ƙoƙo bai gama zagayawa ba hoton allon ya sandare, can ya yi baƙi ƙirin.

Hedimasta ya yi gyaran murya. "To, dama na faɗa."

Gwaggo ta dubi Vilimaina. Yarinyar, hawaye cike da ido, ta nuna ƙunshin da leɓe. Gwaggo ta kai hannu ta taɓa, ta janye da sauri. Zafi kamar dutsen gashin gwaza! Nan take ta gane. Amma kwance kyauta kafin mai gari ya ce ya karɓa abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki. Ta dubi kantocin nan fayau. Ta rarrafa gaba, ta tafa hannu sau uku.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ni na shaƙe ta."

Ta kwance igiyar, ta warware masin, ta shimfiɗa shi a ƙarƙashi, ta fizge mafici daga hannun Kawu Apenisa ta hau fifita.

"Mai gari na zaune, biskit ake wa fifita!" in ji Kawu.

Ba wanda ya yi dariya. Vilimaina ta zare wayar wuta, ta ƙirga a ranta, ta mayar. Ja. Koriya. Shiru. Sai ga littattafan sun dawo, sahu-sahu!

Ɗakin ya kaure da tafi. Ratu Sakiusa ya yi dariya har ƙoƙon hannunsa ya tuntsure. "Na karɓa," ya ce. "Baƙuwar nan ba ta son kaya, a bar ta ta sha iska. Kuma wadda ta san zazzaɓinta da taɓawa ɗaya, ita za ta yi jinyarta. Nan za ta zauna, Malam."

"Ranka ya daɗe," in ji hedimasta, murya ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ba ta jira an watse ba. Ta miƙa wa Kawu maficin, "Ci gaba, kada ka tsaya," ta damƙi linzamin da hannu biyu. Kibiyar allon ta yi sama, ta yi gefe, ta ɓace.

"Vili, ta gudu! Zo ki riƙe mini hannu, Litinin yara za su zo, ba zan yarda su riga ni iyawa ba."