Ruwan Da Na Ɓarnatar A Tsakiyar Teku

Malam Edita, ina gaisuwa. Da hannuna na rubuta wannan takarda, ban roƙi kowa ba, saboda haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, shekarata biyu kacal da fara riƙe fensir. Shekara huɗu da suka wuce, in ka shigo Tudun Wada ta Zariya ka tambayi matar kukun Baturen auduga, kowa zai nuna maka gidanmu, kuma ba don kirki aka san ni ba. A bakin famfo aka san ni. Famfo ɗaya ne a layinmu, da rani ba ya kawo ruwa sai da hantsi, ya ɗan tsiyaya ya ɗauke. Ni ce mai ajiye tulu tun asuba, ni ce mai ture garwar duk wadda ta tsallake layi, ko matar akawu ce. Mata suna kirana Sarkin Famfo a bayan idona, ni kuwa da na ji sai na karɓi sarautar. A gidana ba a zubar da ruwa. Na wankin hatsi na awaki ne, na ɗauraya na shara ne, na alwala kuwa gindin barkono ake yi. Da moɗa nake auna wa mijina ruwan wanka, har yakan ce ko a kurkuku an fi ni sakin hannu.

Wata shekara bayan an gama sayen auduga, Baturen da mijina ke wa girki ya ɗauki hutu, ya ce Ikko za shi da matarsa da jaririyarsu. Mai renon yarinyar ta kwanta ciwo ana jibi tafiya, mijina ya kawo sunana, aka ce in zo. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, sai ga ni a jirgin ƙasa kwana biyu. A Ikko na ji ashe ba a gari za mu zauna ba. Baturen ya yi hayar wani farin jirgin ruwa na shan iska, mai inji da kuma manyan ƙyallaye da iska ke turawa, da ma'aikatansa huɗu, zai kai mu wani tsibiri mu kwana biyar, a ci kifi, a kwanta a rairayi. Na ce wa mijina lallai Turawa ba su da aikin yi, rairayi ga shi nan a rafinmu na Kubanni kyauta.

Cikin ma'aikatan akwai kyaftin, wani dogo mai farar hula wanda ba ya magana sai da tsawa, akwai kuma wani tsoho Kirista, mutumin bakin teku, siriri, mai furfura. Shi ke kula da igiyoyi da tankin ruwa. Ya yi soja tare da Hausawa, don haka yana jin irin Hausar bariki, wadda mace takan koma namiji a cikinta. Da ya ji daga Zariya nake sai ya washe baki, ya ce 'yar'uwa ya zo, ya tambaye ni ko har yanzu mutanenmu suna shan fura da barkono. Na ce masa Baba, ni mace ce, ta zo ake cewa. Ya ce a jirgi duk ɗaya ne, kowa amai yake yi. Gaskiyarsa kuwa, yinin farko kaina bai bar bakin bokiti ba.

Washegari da na sami kaina na shiga ɗan ɗakin girki, sai na ga famfo na hannu, da wani jan rubutu a samansa. Na danna, ruwa ya zubo, na ɗanɗana, garɗi kamar na rijiya mai kyau. To ni tun ina yarinya nake jin fatake suna cewa ruwan teku gishiri ne. Nan take na yanke hukunci: famfon nan daga ƙasan jirgi yake zuƙo ruwa, ruwan kuwa ga shi lafiya lau, ashe ƙaryar fatake ce irin wadda suka saba. Na leƙa waje, ruwa gabas, ruwa yamma, ba layi, ba matar akawu, ba mai cewa na cika tulu biyu. Ban san yadda zan faɗa maka abin da na ji ba. Mace mai shekara talatin da biyar, ban taɓa yin wanka na bar ruwa ya gudu yadda yake so ba. Ran nan na yi wanka sau biyu. Na wanke zannuwana duka, har waɗanda ba su yi datti ba. Na wanke kayan jaririya, na wanke rigunan mijina, na wanke kusurwar da nake salla. Karen da matar Baturen ta taho da shi ya sa baki a babbar tukunya, na wanke ta sau bakwai yadda aka koya mana, na ƙara ɗaya don jin daɗi. Tsohon ya same ni ina ɗauraya, ya tsaya, ya nuna jan rubutun, ya ce 'yar'uwa, ruwa kaɗan-kaɗan. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa matan Tudun Wada kaf ba su iya auna mini ruwa a kan tudu ba, ba shi zai auna mini a tsakiyar teku ba, in rowa yake ji ya tafi ya tsare igiyoyinsa. Ya buɗe baki, kyaftin ya kwaɗa masa kira daga sama, ya tafi.

Da azahar muka isa tsibirin, jirgi ya tsaya nesa kaɗan, aka kai mu gaɓa a kwalekwale. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Rairayi fari tas kamar garin shinkafa, itatuwan kwakwa sun sunkuyo kan ruwa, 'yan bukkokin masunta a bayansu. Matan wurin suka gasa mana kifi a ganyen ayaba da lemon tsami da attarugu, suka dafa shinkafa da ruwan kwakwa, suka soya agade da manja, ga abarba mai zaƙi har tana yanka harshe. Suka kawo ƙaguwa da jatan lande, na ce ni ba na cin kunamar ruwa. Wata mai ƙiba a cikinsu ta ɓare ɗaya ta tura mini a baki tana dariya, ni kuwa na miƙa hannu na ɗauki na biyu da kaina. Da na ƙoshi na naɗe zane na shiga ruwa zuwa gwiwa. Igiyar ruwa ta taso ta mare ni a fuska, ta cika mini baki. Gishiri, Malam. Gishiri mai ɗaci wanda ko akuya ba za ta lasa ba. Na tsaya cikin ruwan nan ina kallon jirgi. In wannan ne teku, to wanda na yini ina zubarwa daga ina yake? Na gane, amma na rufe bakina, na ce wataƙila tankin babba ne.

Da safe mijina ya danna famfo zai dafa wa jaririya ruwan madara, famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ruwan kwana biyar na mutum takwas da jaririya ya ƙare a kwana biyu. Kyaftin ya tara kowa, ya sa tsohon a gaba yana zazzaga masa faɗa. Mijina ya raɗa mini abin da ake cewa: wai tsohon bai cika tanki ba a Ikko, ya tsufa, ya fara mantuwa, da an koma za a sallame shi, shekara ashirin da yake bin jirgin nan ta ƙare ke nan. Tsohon ya dube ni sau ɗaya, ya mai da kansa ƙasa. Mijina ya san wankin da na yi, rigar da ke jikinsa ma shaida ce. Ya matse mini hannu ya ce in na yi magana shi za a kora, in tuna gidan haya muke, in tuna tsohuwarsa da yake ciyarwa. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a Tudun Wada ba, ran nan na rufe da kaina. Wannan shirun shi ne laifin da na zo faɗa, ya fi ɓarnar ruwan muni.

Aka ba tsohon garwa biyu aka ce ya je ya nemo ruwa a tsibiri. Mutanen wurin ba su da rijiya, sai wani rami a bayan itatuwa da ke tsattsafo da ruwa kaɗan mai laka. Mu kuwa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, aka sake kawo gasasshen kifi da shinkafar nan. Ina zaune da jaririya a cinya ina kallonsa yana ratsa rairayi mai zafi, garwa a kafaɗa, rabin ruwan na zuba a bayansa. Ko ɗaukar ruwa bai iya ba. Na kasa cin kifin, na ture kwanon. Na goya yarinya na bi shi ramin, na ce Baba, me ya sa ba ka faɗa musu ni ce ba. Ya ce baƙo bai san hanya ba, shi ya kamata ya tsaya ya gama yi mini bayani ko da zan mare shi. Ya ce kuma ya ga fuskata lokacin da nake wankin, kamar yarinya ranar salla, bai taɓa ganin wanda ruwa ya faranta wa rai haka ba. Na tambaye shi abin da jan rubutun ya ce. Ya ce cewa ya yi na sha ne kaɗai.

Na koma wurin tabarma na tsaya a gaban Baturen da kyaftin, na ce wa mijina ya juya musu maganata. Na faɗi komai tiryan-tiryan. Mijina ya yi ɗan guntun Turanci, sai na ga Baturen ya yi murmushi ya ɗaga mini babban yatsa. Na ce wa mijina me ka ce masa? Ya ce ya ce na gode da kifi. Ban sake bi ta kansa ba. Na sa mai kwalekwale ya kai ni jirgi, na kwaso wankin nan kaf har da babbar tukunya, na dawo na zube shi a gaban kyaftin, zane bayan zane. Na kifa babbar tukunya, na kwaikwayi danna famfo, na nuna yatsu takwas, na nuna kare, na buga ƙirjina. Na nuna tsohon na girgiza kai. Ba wanda ya nemi tafinta. Matar Baturen ta yi ja har kunne, ta karɓe 'yarta daga bayana. Kyaftin ya cire hula ya sosa ƙeya, ya daɗe bai dubi tsohon ba. Mijina kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ban tsaya jiran hukunci ba, don in ɓarnar ruwa sabuwa ce gare ni, nemansa tsohon aikina ne. Na duba ramin na ga irin namu ne na rani a cikin rafi, sai dai ba a haƙa shi yadda ya kamata ba. Da ɓawon kwakwa na buɗe shi, na kwashe lakar, na haƙa wasu biyu a gefe, na bar su su kwanta. Ina kwalfa da ƙoƙo a hankali, ina tacewa da ɗankwalina. Mai ƙibar nan ta kira 'yan'uwanta, ba ma jin yaren juna, amma gammo ɗaya ne a ko'ina. Yini biyu muna jigila zuwa kwalekwale, mijina na tafasawa, tsohon na zubawa a tanki. Na hana shi taɓa garwa, na ce ya zauna ya koyi yadda ake ɗauka. A rana ta biyu kyaftin da kansa ya miƙa wa tsohon taba, nan na gane maganar kora ta mutu. Yammacin nan ne na ci kifi na ji daɗinsa har ƙashi. Mai ƙibar ta nuna mini yadda ake kankare kwakwa a tatse ta a kan shinkafa, muka zauna a rairayi ƙafafunmu cikin ruwa muna dariyar da ba mu san dalilinta ba.

Ba a kori mijina ba, amma ba a sake ba ni reno ba, shi kuma bai yi mini magana ba sai da jirgin ƙasa ya wuce Minna. Da muka rabu a Ikko tsohon ya ce in gai da mutanen Zariya, ya ce 'yar'uwa ya iya faɗa, saura karatu. Maganar ta zauna mini. Kalma uku a kan famfo sun kusa raba dattijo da abincinsa saboda idona bai san su ba, kuma da na tashi faɗin gaskiya sai da na ari bakin wani, bakin ya ci amanata. Da aka buɗe ajin manya na mata a unguwarmu ni na fara ajiye tabarma, kamar yadda nake ajiye tulu. Aka yi ta dariya wai Sarkin Famfo ta koma ɗaliba. Yanzu biyar daga masu dariyar suna zama a bayana, matar akawu ma ni ke duba mata allo. Ranar Juma'a nakan sayo kwakwa a wurin 'yan kudu na Sabon Gari in dafa shinkafar tsibiri, mijina ya fi kowa cika kwano.

'Yan'uwana mata, ana ta cewa ƙasa za ta koma hannunmu, za mu shiga wuraren da iyayenmu ba su shiga ba. In kun je inda ba ku sani ba, ku bar mai wurin ya kai ƙarshen maganarsa kafin ku nuna masa ku ma kuna da baki. In kun yi ɓarna aka ɗora wa wani, kada ku bari ta kwana a kansa, don na gwada, ko kifin da ya fi kowane daɗi ba ya wucewa. Kuma ku je aji, ko da furfura. In akwai mai karanta wannan a bakin ruwa a Ikko, ya ga wani siririn tsoho mai Hausar soja yana naɗe igiya a farin jirgi, don Allah ya karanta masa. Ya ce masa 'yar'uwa ya koyi karatu, kuma yanzu ba ya taɓa famfo sai ya duba abin da aka rubuta a kansa.