Kwamitin Kujerar Aski

Mai Aski mutum ne da ba ya son hayaniya, ko ta wasa. Idan samari suka kaure da gardamar ƙwallo a shagonsa, sai ya kashe injin ya zuba musu ido ta madubi har kunya ta kama su. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ita kuma ta kai shi koyon sana'a. Halinsu ya sha bamban. Malamar firamare ce, ta yi ritaya amma muryar aji ba ta bar ta ba, kuma in ta ga abu ba daidai ba sai ta faɗa, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

A falonta ikkilisiyarsu ta fara. Ranar Lahadi a ture kujeru jikin bango, a shimfiɗa tabarma, wani matashin fasto ya tsaya kusa da firji ya yi wa'azi. Da jama'a suka ƙaru, fasto ya ce bai dace komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba, a kafa kwamiti. Aka zaɓi direban bas, da mai gyaran rediyo, da mai sayar da katako, da Yaya. Shugabanci kuwa aka ɗora wa Mai Aski, saboda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Kowa ya ga hikima a wannan zaɓi, alhali a nan aka fara kuskure.

A zaman farko Yaya da mai katako suka yi ta ja-in-ja a kan lokacin fara sujada. Ba zagi, ba ɓacin rai, gardama ce ta mutanen da abin ya dame su. Amma Mai Aski ya koma gida da ciwon kai, ya ƙudura ba za a sake haka a ƙarƙashinsa ba.

Dabarar ta zo masa a shago. Duk mazan kwamitin, har da fasto, wurinsa suke aski ranar Asabar. Yana ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya sai ya ɗauko maganar da za a tattauna, a hankali, cikin raha. Wanda reza ke kan maƙogwaronsa kuwa ba ya girgiza kai. Kafin ya rufe shago ya gama da kowa. Washegari da yamma a buɗe da addu'a, a kawo magana, hannuwa su tashi, a watse. Har yabon su ake yi, wai ba a taɓa ganin kwamiti mai zaman lafiya irin wannan ba. Babu wanda ya tuna cewa Yaya ba ta da gemun da za a aske.

Ta kan zo da tambayoyinta ta tarar ba mai bukatar su. Wata rana ta dube shi ta ce, "Auta, wai taro ake kira na ko kuwa in zo in ce amin?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ita ba ta yi ba.

Sai falon ya yi kaɗan, mutane na tsayuwa a baranda. Aka samu wani zaure a saman shagon tayoyi, mai faɗi, mai iska. Matakalarsa dai tsukakkiya ce, ga wata kwana a tsakiya. Mai Aski ya san ciwon gwiwar Yaya sarai, shi yake kai ta asibiti, amma ya ce wa ransa za a san yadda za a yi, ya gama maganar a kujerar aski kamar kullum.

A zaman, Yaya ta tambaya ko an gwada hawa da tsofaffi. Mai katako, da bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai sun riga sun gama wannan magana.

"A ina?" in ji ta, tana kallon ƙaninta.

Ta jawo sandarta ta shige ɗaki, ta bar su zaune a falonta.

Lahadin farko a sabon zauren ta zo, ta hau 'yan matakai, gwiwa ta ƙi. Samari suka ce za su ɗauke ta, ta ce ita ba buhu ba ce. A kan matakalar ta zauna ta saurari waƙa daga sama, masu makara suna ratsa ta. Daga ranar ta zauna a gida, wasu tsofaffin ma suka daina zuwa.

Nan hankalin fasto ya tashi, aka zauna aka yi ƙa'idoji na gaske: ba a yanke magana sai a ɗakin taro, wanda bai yarda ba a saurare shi har ya gama, mata su sami kujerunsu, shugabanci kuma ya riƙa zagayawa. Mai Aski ne ya fara amincewa, ya sauka da kansa. Har yau da su ake aiki. Zaman kwamiti yanzu dogo ne, ana ɗaga murya, ikkilisiyar kuma ta fi lafiya.

Ya je wurin Yaya ya ba ta haƙuri. Ta zuba masa abinci kamar yadda ta saba, ta ce ta yafe tun tuni, amma kujerarta ta kwamiti a ba wa mai ƙafa. Wannan yafiyar ta fi faɗa yi masa zafi. Ya shiga neman zaure a ƙasa, yana rufe shago da rana tsaka yana bin unguwanni, yana so ya zo mata da labari mai daɗi. Bai samu ba har ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Ranar jana'iza, maza suka ɗauki akwatin gawar za su hau da shi zauren a yi mata sujada. A kwanar nan ya ƙi wucewa. Suka karkata shi, suka ja baya, suka sake gwadawa, Mai Aski yana riƙe da wajen kai. Daga ƙarshe shi ne ya ce su sauko da ita, kada a wahalar da ita. A bakin titi aka yi sujadar, gaban tarin tayoyi, motoci na wucewa.