Jikan Vaquero a Abbasiya

A unguwar Abbasiya na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗan Sifaniya mai koyon Larabci. Kullum sai ya ishe ni da cewa kakansa vaquero ne. Da na gaji na tambaya, ya ce kalmar daga vaca ta fito, wato saniya, vaquero kuwa mai kiwonta a kan doki. Ashe kaboyin da muke gani a fim makiyayi ne kawai!

Ran jajibirin Sallar Layya saniyar mahaucin layinmu ta tsinke igiya, ta yo kanmu. Na ce, "Yalla, maza, abokina, ga sana'ar gidanku!"

Ina waigawa na hango shi a saman motar mutane, yana zuba addu'a da Larabcin da malamai suka kasa koya masa.