Mama Damaris da Sunan Yabez

Kowace Lahadi, kafin masu waƙa su gama ɗaura kallabi, Mama Damaris Yakubu ta riga ta share ajin yara a cocinsu na Narayi, ta jera bencina. Tun tana budurwa take koyar da makarantar Lahadi, har ga shi idanu sun gaza, ta ajiye. Hutun nata a cikin sanarwa aka ambata, tsakanin batun gyaran janareta da taron mata. Ko tafi ba a yi ba. Abin kunya ne, kuma za a faɗa.

A tambayi Rhoda, mai sayar da doya a Kamazou. Ɗanta Yabez na fama da sikila tun yana goye. Da ciwon ya tsananta, wata maƙwabciya ta kai ta wurin wani mai kiran kansa annabi. Mutumin ya ji sunan yaron, ya kama kai.

"Sunan nan ma'anarsa azaba! Ga shi a makaranta Jabez, a gida Yabez. Suna biyu, ƙofa biyu ga Shaiɗan. Ki zubar da magani, a yi azumi, in sake masa suna."

Uwa mai tsoro me ba za ta yi ba? Rhoda ta zubar.

Da Mama ta ga yaron bai zo aji ba, ta bi sawu har gida. Ta same shi kwance a tabarma, idanu sun yi rawaya kamar ɗorawa, leɓe a bushe, annabin na tsaye a kansa da kwalbar mai.

"Rhoda, yaushe rabonsa da ruwa?"

"Mama, an ce sunan ne..."

"Ni na koya miki labarin Yabez na Littafi Mai Tsarki kina 'yar mitsitsiya! I, sunan Ibrananci ne, uwarsa ta raɗa masa don ta haife shi da wahala. Amma an rubuta ya fi 'yan'uwansa daraja, ya roƙi Allah, Allah ya ba shi. Bature ya rubuta da J, mu da Y, mutum ɗaya ne. Harafi ne zai shanye jinin yaro?"

Annabin ya ce kada ta taɓa shi, shi shafaffe ne, zaɓaɓɓe na Ubangiji. Ko kallo bai ishe ta ba. Ta sunkuya, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta goya yaron, ta tare keke napep. A asibiti aka ce sai jini. Ta yi ta kiran waɗanda ta koyar suna ƙanana; makanike ya bar gareji, tela ta bar ɗinki, suka zo suka miƙa hannu.

Yabez ya rayu, amma jinkirin ya ci ƙugunsa, da sanda yake tafiya. Annabin kuwa yana nan, ya ƙara lasifika. Da labari ya kai ga dattawan coci, ita suka kira, wai ta rage zafi, ba a faɗa da bawan Allah. Wane bawan Allah? Wanda ya hana yaro ruwa?

Ke ce, Mama, kika tsaya ranar da maza suka sunkuyar da kai. Kaza mai 'ya'ya, ba kya gudun shaho. Ba ki taɓa hawa bagade kin yi wa'azi ba, amma rabin masu hawansa a bakinki suka fara jin sunan Musa.

Mun gode, Mama Damaris. Allah ya saka, tun da mu mun gaza. Ku kuma da ke zaune kusa da irin gidan Rhoda, kuna jin kukan yaro ta katanga kuna cewa ba ruwanku: tsohuwa mai ciwon gwiwa ta goya. Ku mene ne uzurinku?